Ƙarfen da Ke Bayan Kujerar Akori-kurata

Akori-kurar da na saya bayan na yi shekaru ina aikin malamin gona ba sabuwa ba ce, amma sau ɗaya tak ta kunyata ni. Wannan sau ɗayan kuwa, har yau ban manta da shi ba.

A lokacin Gusau tana ƙarƙashin Sakkwato, ni kuma ina zaune a Damba da maiɗakina. Mu biyu ne maza wurin Inna, ni da wana. Ya girme ni da shekara bakwai, yana zaune a Tsafe yana sana'ar hatsi. Inna kuwa tana ƙauyenmu can gaba da Bungudu. Tun rasuwar mahaifinmu muke fama da ita ta dawo wurin ɗayanmu, ta ce ba mai raba ta da ɗakinta da awakinta.

Da damina ta yi tsakiya, Yaya ya zo aron mota. Ya ce zai kai taki gonarsa, ya kwaso wata dawa daga ƙauyukan Tsafe, kwana uku ya dawo mini da ita. Na ba shi makulli ba tare da wata magana ba, don ba a yi wa babban wa sharaɗi. Kwana uku suka zama goma sha biyu. Ranar wata Laraba ina ofis ya kawo ta, ya ajiye a ƙofar gida, ya miƙa wa maiɗakina makulli, ya sha ruwa. Ya ce mata zai wuce ƙauye, ya ji Inna na fama da zazzaɓi. Game da motar kuwa bai ce uffan ba. Da na dawo na ga tayoyi duk laka, na ce a raina sai Asabar in wanke ta, in tafi in duba Inna. Ban ko sa mata makulli ba, don da keke nake zuwa aiki.

Ranar Jumma'a, rana ta fara ɗagawa ke nan, wani ɗan ƙauyenmu ya yi sallama a kan babur. Tun kafin ya buɗe baki na gane. Ya ce Inna ta cika bayan sallar asuba, za a kai ta da hantsi.

"Hau mu tahi, Malam," in ji shi.

Na ce masa a'a, ya wuce ya sanar da sauran dangi a cikin gari, ni ina da mota, zan ma riga shi isa. Da bakina na faɗi haka.

Maiɗakina ta yafa mayafi ta shiga gaba. Na murɗa makulli, sai na ji "ƙas". Na sake murɗawa, "ƙas". Inji ko motsi bai yi ba. Na ɗauka batir ne ya yi sanyi. Maƙwabta suka fito suka tura ni har bakin titi, ta tashi, na danna mata wuta. Har Bungudu ba ta yi ko tari ba. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar burji, wadda ruwan daren jiya ya jiƙe ta sharkaf. Akwai wata ƙorama da ake ratsawa kafin a kai ƙauyenmu. Ina tsakiyarta taya ta zame, ƙafata ta kuɓuce daga kuloci, mota ta mutu.

Na murɗa makulli ya fi sau ashirin. Ƙas, ƙas, ƙas. Na fito na shiga ruwa har gwiwa ina turawa, maiɗakina ta tattare zani ta kama mini. Mota ko gezau, sai ma ƙara nutsewa take yi a cikin laka. Babu kowa a hanya, duk mutane suna gona ko sun tafi wurin gawar. Na yi kira har muryata ta dushe. Daga ƙarshe maiɗakina ta ce, "Malam, bar ni nan, ka tafi da ƙafa." Na cire takalma na riƙe a hannu na kama gudu, ni da na kai shekara arba'in.

A bayan gari na gamu da su. Suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu suna ɗauke da makara babu kowa a kanta. Yaya na gaba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri. An kai ta." Na wuce su na je na durƙusa gaban danyen kabari, rigata duk laka, na yi mata addu'ar da zan iya. Ban ga fuskarta ba, ban sallace ta ba, ban sa hannu a makararta ba.

Da la'asar aka je da shanun huɗa aka jawo motar. Muka yi zaman makoki har bakwai. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ƙara da, "Ashe ba ka samu jana'iza ba? Mota ko? Ikon Allah." Yaya yana zaune kusa da ni a kan tabarma ɗaya, yana jin wannan magana safe da yamma, yana amsa "ikon Allah" tare da su.

Da turi aka tada ta muka koma Damba, amma ban kai ta gareji ba. Na san abin da zan tarar a can: bakanike zai yi mini ta'aziyya, masu zaman jira su tambaye ni yadda aka yi, in sake ba da labarin ƙorama daga farko. Na gaji da ba da shi. Na bar ta a ƙofar gida kwana biyu, in na fito sai in kau da kai.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Gusau da Kurmi, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Baba muke ce masa. Ran Asabar da safe ya dogara sandarsa ya zo, ya ce in murɗa makullin ya ji. Na murɗa. Ya ce in kunna fitilun gaba. Suka kama tar.

"To ba batir ba ne," in ji shi. "Kik ne, abin da ke tada inji. Kuma ba kik ɗin duka ba, ɗan gwangwanin da ke bisa kansa ne, wanda masu gyaran waya ke ce ma solinoyid. Kana da sifana?"

Ina da su. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar dalbejiya, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ce shi baki zai sa, ni in sa hannu. Ya ce in fara cire kan batir, in ba ina son in ga walƙiya da rana ba.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin mota. Noti uku ne ke riƙe da kik ɗin. Biyu suka fita ba gardama. Na ukun yana can sama a wani lungu da hannu ba ya shiga sai an karkace shi, kuma tsatsa da lakar ƙorama sun kama shi. Na ja, sifana ta zame, na daki ƙarfe da bayan hannu har fata ta saluɓe. Busasshiyar laka ta zubo mini a ido. Na zagi notin, na zagi wanda ya ƙera motar, na zagi ƙorama. Baba ya ce, "Zuba mishi kananzir ka ba shi lokaci. Ƙarfe ba ya jin zagi." Na zuba, na kwanta a wurin ina huci. Da na sake ja, ya saki da ƙara. Kik ɗin ya faɗo mini a ƙirji, nauyinsa kamar dutsen niƙa.

Na jawo shi na ajiye gaban Baba a kan tabarma. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya goge da tsumma. Sai na ga yana shafa wani wuri da babban yatsa. A bayan ɗan gwangwanin akwai ƙusoshi biyu na jan ƙarfe inda manyan wayoyi ke ɗaure. Duk sun yi baƙi, gefensu ya narke ya yi tabo-tabo kamar an ɗiga musu wuta. Jikin gwangwanin kuma ya lotsa a wuri uku.

"Wa ya tuƙa motar ga kwanan nan?" ya tambaye ni.

Na ce wana.

"To wanga aiki ya san da shi. Ka ga nan? Da dutse anka riƙa bugunsa. Da bugu ya daina yi, sai anka koma haɗa ƙusoshin ga biyu da ƙarfe. Haka muke yi a hanya in ya ƙi: ka buɗe bonet, ka sa sukudireba ka haɗa su, wuta ta yi tartsatsi, mota ta tashi. Wanga tabo ba na sau ɗaya ba ne, ba na sau goma ba. Duba cikin motar, ƙila abin da yake yi da shi yana nan."

Na tashi na buɗe ƙofa. Na duba aljihun gaba, babu. Na ture kujera gaba. Ga shi nan a kwance: dogon sukudireba mai jan mariƙi, ba nawa ba, bakinsa ya narke ya dunƙule.

Na daɗe a tsaye da shi a hannu. A bayan kujerar da nake zaune a kai yake, a tsakiyar ƙorama, lokacin da nake murɗa makulli ina kiran sunan Allah. Da Yaya ya ce wa maiɗakina, "Ki gaya masa kik na wasa, ga yadda ake yi," da minti ɗaya ya ishe ni. Da ma cewa kawai ya yi motar ba lafiya, da na hau bayan babur ɗin nan. Ya san Inna na kwance. Ya san za a iya nemana kowane lokaci. Ya sha ruwan gidana ya tafi.

Na yi jifa da sukudireban, ya daki bango ya dawo. Maiɗakina ta leƙo daga zaure, ta dube ni, ta koma. Baba bai ce mini in yi haƙuri ba, kuma har yau ina gode masa da hakan. Cewa ya yi, "Zo mu gama. Ka sa a hura muna gawayi."

Muka cire ɗan gwangwanin daga jikin kik. Murfinsa na baya an liƙe wayoyi biyu sirara da dalma, sai an narkar da ita yake buɗuwa. Ba mu da abin narkarwa na lantarki, sai Baba ya sa na ɗauko wata ƙatuwar ƙusa, na sa bakinta a garwashi har ta yi ja, na riƙe da filaya na ɗora. Don fushi, sau biyu ina ƙona yatsa. Da murfin ya buɗe, wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi. Na yi rarrafe ina tankaɗe ƙasa da yatsu kamar mai neman allura, ina jin kamar in ɗauki kik ɗin gaba ɗaya in jefa a rijiya. Maiɗakina ce ta fito da rariya, ta tankaɗe wurin, ta miƙo mini shi.

A ciki ba wani abin kirki ba ne. Wani ɗan faifan jan ƙarfe ne, bai fi kwabo girma ba, da kawunan ƙusoshin nan biyu. Baba ya nuna mini: in an murɗa makulli, faifan ne ke matsowa ya taɓa kawunan biyu, wuta ta wuce ta juya inji. Ƙarar da nake ji, ƙarar matsowarsa ce. Amma fuskarsa ta ƙone ta yi ramuka, kawunan kuma sun cinye gefe guda, ko sun haɗu wuta ba ta wucewa.

"Wanga cin na shekaru ne," in ji Baba. "Ba wan naka ya lalata shi ba, gaskiya a faɗe ta. A hannunsa dai ya ƙare."

Na ce na ji. Ban damu da wanda ya lalata ba.

Ya sa na kwance faifan na juya shi, bayansa sumul kamar sabo. Kawunan ƙusoshin na kwance su, na goge da samfefa har jansu ya fito, na juya gefen da bai ci ba ya fuskanci faifan. Na wanke sandar da ke shiga da fita a ciki da fetur. Ina cikin mayar da dalma, wajen azahar, sai na ji sallama. Yaya ne, da babbar riga, ya sauka daga motar Tsafe.

Ya gaida Baba, ya dubi kayan da ke baje a tabarma, ya dube ni. Ya ce ya zo ne kan maganar geron Inna da ke rumbu, yana so a kwaso shi kafin sadakar arba'in, ko motar za ta samu jibi.

Na tashi na ɗauko sukudireban daga gindin bango, na ajiye a gabansa.

"Yaya, wannan naka ne?"

Ya ce nasa ne, ya manta shi.

"Tun yaushe ta daina tashi da makulli?"

Ya ce tun kwana na biyu.

"Kwana goma kana tada ta da ƙarfe, ka kawo mini ita ka ajiye ba ka ce komai ba?"

"Na ɗauka ka sani. Motarka ce."

"Da na sani zan ba ka ita haka? Kwana bakwai muna tabarma ɗaya, ana tambayata me ya sami mota, kana ji. Ko a nan ba ka buɗe baki ba."

Ya gyara zama ya ce, "Kai, ajali ne hwa. Ko da jirgi ka zo, Inna ta riga ta cika."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ban ce zan hana ta mutuwa ba. Salla nake so in yi mata, in ɗauki makararta, in sa ta a kabari da hannuna kamar yadda ya sa ta da nasa. Na ce shi ya samu duka, ni ya bar ni da gudu a cikin laka kamar mahaukaci, kuma abin da ya raba ni da wannan kalma ɗaya ce da ya ƙi faɗa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Baba ya ɗaga musu hannu suka koma.

Yaya ya sunkuyar da kai yana juya sukudireban. Can ya ce, "In na ce maka ta lalace, mi za ka ce? Babban wa ya ari motar ƙanensa ya kashe ta. Kullum ni ke zuwa ƙofarka aro. Na ce in na dawo daga ƙauye in kai ta a gyara ba ka sani ba." Ya ƙara da cewa shi ya tsayar da mutane suna jirana har rana ta take, sai da liman ya ce hadari na haɗuwa, ba a barin gawa haka.

Na yarda da gaske ne, don daga baya wasu sun tabbatar mini ya tsayar da su. Amma a lokacin ban ji komai ya sauka daga ƙirjina ba. Kunyarsa ce ya fifita, ni na biya. Na jira ya ce in yafe masa. Bai ce ba.

Baba ya ce, "To, kik dai ba ya mayar da kansa." Ya sa muka gwada shi a ƙasa tukuna. Na taka shi da ƙafa, na haɗa wayoyi da batir, ya yi tsalle ya juya da ƙarfi har ya nemi ƙwacewa. Mayar da shi kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tallafe daga sama, ɗaya ya ɗaura noti daga ƙasa. Ban roƙi Yaya ba. Shi ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya sunkuya cikin bonet ya riƙe. Ina ƙasa ina ganin fuskarsa ta tsakanin ƙarafa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Abin da muka ce wa juna bai wuce "ɗaga" da "ya shiga" ba.

Na mayar da kan batir, na shiga na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Na kashe na sake, ta tashi. Na yi haka sau biyar ko shida, kuma kowane tashi ƙara ɓata mini rai yake yi, don na ga ƙanƙantar abin. Aikin rabin yini ne, da garwashi da samfefa.

Na ce wa Yaya motar ba za ta sake kwana a Tsafe ba. Geron Inna ni zan kwaso da kaina. Ya ce to. Ya sa rigarsa, maiɗakina ta kawo abinci ya ce ya ƙoshi, ya yi wa Baba sallama ya nufi tasha da ƙafa. Ban ce ya zo in kai shi ba.

Jibin na je na kwaso geron, na sauke rabi a ƙauye don sadaka, na kai masa sauran har ƙofar shagonsa. Muka yi kusan shekara biyu daga gaisuwa sai gaisuwa. In an yi suna ko biki muna haɗuwa, in durƙusa in gaishe shi yadda aka koya mini, in tashi in koma gefe. Gwaggonninmu sun yi ta kirana suna cewa in bar maganar, ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce musu ban yanke zumunci ba, kuma ban yanke ba. Da 'yarsa ta tashi aure ni na kai kayan ɗakinta da motar, ni na tuƙa. A hankali muka koma hira, ta farashin dawa da ta ruwan sama. Maganar ƙorama dai ba mu sake ɗaga ta ba, shi bai nemi gafara ba, ni ban ce na yafe ba, har muka tsufa a haka.